Ɓera Mai Ƙoda Ɗaya

Mahaifinmu, tsohon soja, ya tura ni karatun likitan dabbobi ne don in dawo Zuru in riƙa duba shanun mutane, a dinga gaishe shi a kasuwa saboda ni. Bai rayu ya ga inda karatun ya kai ni ba, kuma ina ganin sauƙi Allah ya yi masa. Da ya ji ɗansa ya ƙare a kan ɓera, da sandarsa zai biyo ni har wurin aiki. A gidanmu ɓera abin bi da taɓarya ne. Ni kuwa ga ni cikin farar riga ina shaƙa masa iskar barci, ina shimfiɗa masa abin ɗumama jiki kada sanyi ya kama shi.

Aikina dashen ƙoda ne, daga wani ɓera zuwa wani. A ƙasar waje na koyo, na dawo da shi wata jami'a mai nisan tafiyar yini guda daga gida. Ba don ɓeran ake yi ba. Ana yi ne don a gane yadda jiki ke karɓar baƙon abu ko ya ƙi shi, saboda mutanen da za a yi wa dashe. Ƙodar ɓera ba ta wuce ƙwayar wake ba, jijiyoyinta kuwa sai a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu ake ganinsu. Zaren ɗinkin ya fi gashin kai siranta. In ka yi numfashi da ƙarfi ya tashi, ka yini nemansa.

Hanya biyu ake bi wajen haɗa jijiyar sabuwar ƙoda da ta mai karɓa, kuma abin da aka ɗora mini shi ne in gwada su in faɗi wadda ta fi. Ta farko ɗinki. Ka tsaga babbar jijiyar da ke cikin ɓeran, ka ɗinke baki da baki. Tana cin lokaci, kuma duk tsawon lokacin ka matse jijiyar, jini ba ya sauka ƙasa. In ka yi nawa, ɓeran ya farka yana jan ƙafafun baya, ba zai sake taka su ba. In ka yi gaggawa ka bar kafa, kana sakin matsin jini ya cika masa ciki, shi ke nan. Ta biyu muna ce mata zobe. Wani ɗan guntun roba ne mai rami, a zura jijiya a ciki, a naɗe bakinta baya kamar yadda ake naɗe hannun riga, a sako ɗayar a kai a ɗaure. Tana da sauri, ba ta zubar da jini, amma ramin matsattse ne, jini kan daskare a ciki, washegari ka tarar ƙodar ta yi baƙi ƙirin. Kuma dole hannu ɗaya ya yi duka biyun, in ba haka ba, ba za a san ko hanyar ce ta fi ko mai hannun ba. Don haka ni kaɗai ke yi, yau ɗinki gobe zobe, har goro na daina ci don kada hannuna ya yi rawa.

Mu uku ne muka rayu a cikin waɗanda Mama ta haifa. Yaya, wanda ya bi sahun Baba ya shiga soja. Sai ni. Sai Auta, malamar firamare, ita kaɗai ce mace. Mama manomiyar wake ce tun kafin a haife mu, ta kan tara shi a buhuna ta jira bazara ya yi daraja. Ɗakin ajiyarta doka gare shi. Da zarar ta sa ƙwayar maganin ƙwari a buhunan, sai ta ja ƙofa ta toshe ƙasanta da tsumma, kuma ko kaza ta gani tana kiwo a bakin ƙofar sai ta kore ta da ihu. Duk wanda ya tashi a gidan nan ya sha ranƙwashi a kan ɗakin nan, har da ni.

Wata Kirsimeti muka haɗu duka, abin da ba kasafai yake yiwuwa ba. Bayan an taso coci muna zaune a gindin mangwaro, Yaya ya sa ni gaba. Mutum ne ƙato mai dariya da dukan jiki, kuma tunda ya ji abin da nake yi bai sake kirana da wani suna ba sai likitan kusu, don haka muke ce wa ɓera a wajenmu.

"Likitan kusu, nuna muna aikin nan da ya hana ka zuwa gida. Ko dai tarko kake ɗana musu kana cin albashin banza?"

Na ciro waya na nuna musu hoton bidiyon aiki. Na yi ta bayani, ga ɗinki, ga zobe, ga amfanin wannan, ga illar wancan. Ina jiran a zo wurin da na fi so, inda ake sakin matsi, ƙodar da ta yi fari fat ta cika da jini ta koma ja. Ko yau in na ga wurin nan sai tsigar jikina ta tashi. Auta ta yi guɗa. Yaya ya ce lallai yaron nan maye ne.

Mama ce ta zo a ƙarshe, tana goge hannu da zane. Ta sunkuya ta kalla, amma ba inda muke kallo ba. Yatsa ta ɗora a gefen hoton.

"Wancan da ka ture gefe ka rufe da ƙyalle fa?"

"Shi ne ya ba da ƙodar, Mama."

"Yaushe zai tashi?"

"Ai ba ya tashi. Ya gama nasa aikin."

"A ɗinkin ne ba ya tashi, ko a zoben?"

Ashe duk bayanin da nake yi tana ji daga madafa. Na ce mata a duka biyun. Yaya ya ce to a riƙa tara masa waɗanda suka gama aikin a gasa da yaji, aka fashe da dariya. Mama ta ce "uhm" kawai, ta koma wajen tukunyarta.

Gaskiya na faɗa, kuma ko yau aka tambaye ni amsar ke nan. Jijiyar ƙodar ɓera ta yi ƙanƙanta da yawa, ba ta ɗinkuwa ita kaɗai, dole a yanko ta haɗe da guntun babbar jijiyar da ke ɗauke da jinin jiki duka. Wanda aka yanke wa wannan ba zai rayu ba, don haka ba a barinsa ya farka daga barcin. A mutum ba haka ba ne ko kusa. Jijiyar ƙodarsa tana da kauri, ita kaɗai ake ɗaurewa a yanke, mai bayarwa ya yi 'yan kwanaki a asibiti ya koma harkarsa. Amma ranar nan ba wanda ya tambaye ni dalili, ana cin shinkafa ana raha. Baki shi ke yanka wuya, in ji masu magana, ni kuwa ba wuyana nawa bakin ya yanka ba.

Yaya ya yi shekaru a bakin daga a arewa maso gabas, harsashi bai taɓa ko gogarsa ba. Abin da ya kawo shi gida kumburin ƙafa ne. Da farko takalmi ya ƙi shiga, sai fuska ta biyo, sai fitsari ya fara ɗaukewa. Aka gwada aka ce ƙodojin duka biyu sun tafi. Daga nan rayuwarsa ta koma hanya. A ɗauke shi a mota zuwa babban gari a yi masa wankin ƙoda, a dawo da shi kamar tsumman da aka matse, ya ɗan farfaɗo, lokacin komawa ya yi. Jikinsa ya yi ta ƙaiƙayi har ya sosa ya fitar da jini. Numfashinsa ya koma zarnin fitsari, matarsa tana kawar da kai a ɓoye tana kuka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwa. A zafin Zuru, ƙaton mutum kamar Yaya, an ce kada ya sha fiye da ɗan kofi. Na sha ganinsa zaune yana kallon randa.

Likitoci suka ce mafita ɗaya ce, dashe. Abokan aikinsa suka tsaya tsayin daka a kan ɗawainiyar, wannan bai zama abin da ya tare hanya ba. Saura mai bayarwa. Ni na fara miƙa hannu, aka ce jinina da nasa ba ɗaya ba ne. Matarsa hawan jini gare ta. Aka gwada Auta, komai ya dace kamar an auna. Ta fito tana dariya tana hawaye, tana cewa ashe dai auta ma tana da rana.

Muka dawo da labarin muka tarar da Mama a tsakar gida tana sussukar dawa. Ta saurara har muka gama, ba ta ajiye taɓarya ba.

"A'a," ta ce.

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Mama, me kika ce?"

"Na ce a'a. Ɗaya na kwance, ba zan kwantar da ta biyu a rufe ta da ƙyalle ba."

Na yi bayani. Allah ya sani na yi bayani. Na zana mata jijiya a ƙasa da tsinke, ta mutum da ta ɓera. Na kira wani likita abokina ya yi mata magana a waya. Na nuna mata hotunan mutanen da suka ba da ƙoda suna nan suna yawonsu. Fasto ya zo ya yi addu'a ya yi nasiha, matan zumunta suka zo suka yini. Duk ta karɓe su da ruwan sanyi, ta raka su bakin ƙofa, ta dawo da a'arta.

"Waɗannan na cikin waya ban san su ba," ta ce mini. "Kai na sani. Kuma da idona na gani."

Zuciya ta ɗebe ni, na daka tsawa a gidan da ban taɓa ɗaga murya ba. "Haba Mama! Mutum ɓera ne?"

"To don mi kake yi ga kusu? Ba kai ka ce abin da ya samu kusu shi ke nuna abin da zai samu mutum ba?"

Duk karatuna, tsohuwar nan ta ɗaure ni da igiyata.

Wani zai ce ai Auta ba yarinya ba ce, ta tafi mana ta bayar. Wanda ya faɗi haka bai san gidanmu ba. Auta ta ce mini ko yau aka ce ta hau gadon fiɗa za ta hau, amma ba za ta hau ba da yawun Mama ba. Yaya kuma, daga kan tabarmarsa, ya ce shi ba zai saka a jikinsa abin da aka ƙwato daga hannun uwarsa tana kuka ba. Na ce masa wannan taurin kan soja ne na banza, mutuwa fa ake magana. Ya ce ya sani, ya fi ni saninta. Ran Yaya ya koma rataye a kan kalma ɗaya daga bakin Mama.

A mota ina komawa wurin aiki dabara ta zo mini. Tunda ta ce da ido ta gani, to gani ya kori ji, kuma gani ne zai kori gani. Na je wurin shugabanmu na roƙi ɓera guda daga cikin waɗanda ba a sa su a gwaji ba. Ya dube ni kamar na taɓu, na gaya masa dalili, ya ce in ɗauka, amma in sani duk ɓeran da ya fita daga ginin nan ba ya dawowa. Na kwantar da ɓeran na cire masa ƙoda ɗaya irin yadda ake cire wa mutum, na ɗaure 'yar jijiyar kawai, ban taɓa babbar ba. Aiki ne mai sauƙi, ko ɗalibi zai yi. Amma ban taɓa ɗinke fatar ɓera da kulawa irin ta ranar ba. Kafin la'asar ya tashi yana wanke fuska da hannuwa. Na jira har ciwon ya warke, na sa ƙodar da na cire a 'yar kwalba da ruwan magani, na kama hanyar gida.

Tsakiyar bazara ce, kuma ɓerayen nan namu ba su san zafi ba, a ɗaki mai sanyi aka haife su kaka da kakanni. Na biya kujerar gaba ni kaɗai, na ɗora kejin a cinya, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, ina sayen ƙanƙara a duk inda aka tsaya. A wani shinge soja ya ce in buɗe. Ya leƙa, ya kira ɗan'uwansa ya zo ya ga ikon Allah, mutum da gemunsa yana yi wa ɓera fifita. Na bar su suka yi dariyarsu. Da sun san don ɗan'uwansu soja nake ɗauke da shi, da ba su yi ba.

Na ajiye kejin a gaban Mama. Fari ne sol, idonsa ja, ta ja da baya ta ce wannan ba kusu ba ne, a fitar mata da shi. Na kama shi na juya mata gefen cikinsa, inda gashi bai gama tsirowa ba, ga tabon ɗinki a fili. Na miƙa mata kwalbar.

"Ga ƙodarsa a hannunki. Ga shi nan kuma yana numfashi. Shi ma bayarwa ya yi."

Ta ɗaga kwalbar ta duba a rana, ta daɗe tana dubawa. Ta shiga ɗaki ta fito da farin ƙyalle, ta ce in shimfiɗa masa a ƙasan kejin. Sai da na ga ta dawo tana duba ƙyallen na gane abin da take nema. So take ta ga ko yana fitsari. Da ta ga ɗigon rawaya a kai, ta ce "uhm", irin dai na ranar Kirsimeti.

Kwanakin da suka biyo baya su ne na ƙarshe da aka yi dariya a gidan nan. Mama ta karɓi kiwon ɓeran daga hannuna. Ita da ta yi rayuwarta tana kashe su, ga ta tana ɓare masa gyaɗa, tana jiƙa buhu tana rufa masa a inuwar baranda, tana ce masa baƙo. "Baƙo ya ci abinci?" Yaya ya sa aka jawo masa tabarma kusa, ya ce ga abokin jinya ya samu, su biyu ƙoda ɗaya gare su mai aiki, kuma ba tasa ba ce. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Auta ta ja ni gefe ta ce, "Ta fara saukowa fa. Jiya ta tambaye ni kwana nawa ake yi a asibitin." Da na sake tuntuɓar Mama, ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi in bari a ga Lahadi.

Ban ɓoye ba, na sa rai. Na sa rai har na kira likitocin na ce su fara shiri.

Kafin Lahadin ranar wankin Yaya ta zo, ni da Auta muka raka shi. Muka kwana can, muka dawo washegari da rana tsaka. Ina shiga na ga baranda wayam. Na tambayi Mama ina kejin. Ta ce zafin jiya ya yi yawa, baƙo yana ta haki, sai ta kai shi inda ya fi ko'ina sanyi. Ta nuna ɗakin ajiya.

Ban san lokacin da na ture ƙofar ba. Warin maganin ya doke ni tun daga bakin ƙofa. Kejin yana kan buhun wake, ɓeran yana kwance a gefe ɗaya, ƙafafu a miƙe, ya sandare.

Na fito da shi. Na ce, "Mama, akwai magani a ɗakin nan! Ke da kanki kika sa!" Ta ce ya daɗe, ta ɗauka ya huce. Na ce maganin ne ya kashe shi, ba ƙoda ba, ko mai ƙoda goma aka rufe a nan sai ya mutu. Na ɗauko faranti da reza a gabansu na buɗe cikinsa. Ga ƙodar da ta rage, lafiya lau, har ta ƙara girma don ta ɗauki aikin biyu, kamar yadda ake so. Na kai mata farantin har gabanta ina roƙo ta duba. Ta kawar da kai.

"Kai kullum kana da bayani," ta ce. "Ni abin da na gani, mai ƙoda ɗaya ya shigo gidan nan da ransa, ga shi a faranti."

Na ce zan kawo wani. Ta ce kada in sake shigo mata da kusu gida. A nan na faɗi maganar da ta fi ƙarfin bakina, na ce in Yaya ya mutu ita ta kashe shi. Auta ta toshe mini baki da hannu. Yaya ya kira ni da sunana na gaskiya, wanda ya daɗe bai kira ba, ya ce in fita masa daga gida in har zan zagi uwarsa. Mama ta ɗauki tsumma ta koma ta toshe ƙasan ƙofar ɗakin.

Yaya ya kai farkon damina. Jijiyoyin hannunsa suka gaji da allura, wankin ya daina riƙe shi, ruwa ya taru masa a ƙirji har ba ya iya kwanciya sai a jingine. Ranar da ya tafi an yi ruwa da safe, gari duk ya fita shuka. Ya roƙi a ba shi ruwa cikakken kofi, matarsa ta dube ni, na ce a ba shi. Ya shanye, ya ce kai, ruwa da daɗi. Ina riƙe da hannunsa har bugun ya yi ta raguwa a ƙarƙashin yatsana ya ɗauke. Abokansa suka zo da kakinsu aka binne shi kusa da Baba. A wurin binnewa Mama ta riƙe hannun Auta gam, ba ta sake shi ba har aka watse. Ni ko kallonta ban yi ba. Na tsane ta a ranar, kuma ba zan ce ban tsane ta ba.

Na koma na ƙarasa gwajina, don ba ni da wani abin da zan yi da hannuwana. Abin da na samu bai taka kara ya karya ba. Zobe ya fi sauƙi ga mai koyo, ɗinki ya fi ga wanda hannunsa ya faɗa, in an ƙware kuma bambancin kaɗan ne. Aka yaba, aka ce aiki ya yi kyau. A duk bayanin da na rubuta, masu karɓa kawai aka bi, wane ya tashi, wane ya ja ƙafa, wane ƙodarsa ta yi baƙi. Masu bayarwa layi ɗaya suka samu, inda aka faɗi yadda ake cirewa.

Sai da aka girbe wake na sake taka gida, shi ma don Auta ta matsa mini. Na tarar da Mama ita kaɗai a baranda da faifai a cinya tana tsintar wake. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Na gaishe ta a tsaye, gaisuwar baƙo. Ta ce in zauna, na zauna a bakin dakali.

"Aikin naka ya ƙare?"

"Ya ƙare."

"Wace ta ci, ɗinkin ko zoben?"

Na ce kusan duk ɗaya ne. Ta gyaɗa kai. Ta ɗauki ƙwayar wake guda ta riƙe tsakanin yatsu tana juyawa.

"Kamar wannan take, wadda ka kawo a kwalba."

Na dubi ƙwayar waken.

"Tun ranar da na ga fitsarinsa a ƙyalle na yarda da kai," ta ce. "Na san gaskiya ka faɗa. Na san ɗiyata za ta iya tashi."

Na ce, "To me ya sa?"

"Maganin nan, da hannuna na sa shi ana gobe za ku tafi wanki. Sabo ne. Shekara nawa ina sa shi, ni zan manta?"

Na tashi tsaye, na rasa inda zan nufa, na koma na zauna.

"Da ya kai Lahadi da ransa, ba ni da sauran abin faɗa, sai in ce e," ta ci gaba, idonta a kan faifai. "Za ta iya tashi, ka ce. Ba ka taɓa ce mini lallai za ta tashi ba, don kai ba ka ƙarya. Kai a wurin aikinka kana sa hannu cikin keji ka ɗauko ɗaya ka ce wannan shi zai bayar, ka saba. Ni duka biyun na ɗauka a cikina. In Allah ya ɗauki ɗaya, shi ya zaɓa. In na ce e aka rufe ta da ƙyalle, ni na zaɓa. Na gwada, ɗana, kwana da kwanaki ina gwadawa. Bakina ya ƙi."

"Ai kin zaɓa, Mama," na ce. "Shi kika zaɓa."

"Na sani," ta ce. "Kullum da safe ina sani."

Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Na zauna ina kallon hannuwanta suna ware mai ƙwari daga mai kyau, ba sa ko rawa. Ina so in tashi in bar gidan har abada, ina kuma so in kwantar da kaina a cinyarta, kuma har yau da nake wannan rubutu ban san ko na yafe mata ba.

Can sai ga Auta ta dawo daga makaranta, jaka a kafaɗa, alli a gefen zanenta. Ta yi murna da ganina, ta ce ashe an shirya, Allah ya kai damo ga harawa. Ta wuce randa ta ɗebi ruwa cikakken kofi ta shanye a tsaye, ta ƙara wani. Mama ta bi ta da ido har ta shige ɗaki. Sannan ta turo mini faifan ta ce in taya ta, idonta ba ya gani sosai yanzu.

Na jawo faifan na fara tsinta.